Jagoran da ya daina ambaton Paparoma a addu'a: nazarin lamarin wata zumuntar Katolika a gabashin Saudiyya

## Yadda zaman yake, 2017 zuwa 2023

Mutumin da wannan nazari ya bi ɗan kudancin Kaduna ne, ya haura shekara hamsin, yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani a lardin gabashin Saudiyya. Ya iso a 2017. A gida ya yi shekara tara yana taimaka wa katikis, wato mai koyar da addini, a wata majami'ar ƙauye da Fada ke leƙawa sau ɗaya a wata. Da ya tarar da Katolika masu jin Hausa a garin, jagoranci ya faɗo kansa ba tare da an yi zaɓe ba. Baba Katikis kowa yake ce masa, ko da yake ba a taɓa naɗa shi ba.

Babu ginin coci ko ɗaya a Saudiyya, kuma ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya yi ibada a fili. A tsarin Ikkilisiya, ƙasar tana yankin Arewacin Arabiya tare da Baharain, Kuwait da Katar. Bishop yana zaune a Awali ta Baharain, inda aka keɓe babbar majami'ar Uwargidanmu ta Arabiya a Disamba 2021, kuma tun Maris 2023 Bishop Aldo Berardi ne ke riƙe da yankin. Mai son jin Mas, babbar sujadar Katolika da firist ke yi, daga gabashin Saudiyya sai ya haye gadar Sarki Fahad, mai tsawon kilomita 25. Kafin nan yana buƙatar bizar fita da dawowa, wadda mafi arharta riyal 200 ce, ga bizar Baharain, ga kuɗin mota. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman bizar fita da kansa ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, amma direban gida da 'yar aikin gida sai da yardar kafili. Shi ya sa yawancin 'yan zumuntar sau biyu ko uku suke samun Mas a shekara, direbobi biyu kuwa sun yi shekaru ba su samu ba.

Mutum 14 ne ke taruwa ranar Juma'a a ɗaki, ƙofa a rufe, waƙa a hankali. A karanta karatun Lahadi mai zuwa daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, Baba ya yi bayanin minti goma, a faɗi Shaidar Bangaskiya, a yi addu'o'in roƙo, a rufe da rozari, wato addu'ar carbi. Roƙon farko na Paparoma ne da bishop, kowanne da sunansa. Dokar Ikkilisiya mai lamba 1248 ta ƙarfafa irin wannan taro inda babu firist. Suna kuma da zauren WhatsApp mai mutum 31, har da waɗanda ke wasu garuruwa. Ranar 5 ga Nuwamba 2022 Baba da mutum biyar sun halarci Mas ɗin da Paparoma Faransis ya yi a babban filin wasa na Baharain, kuma hoton wannan rana ne a fuskar wayarsa.

## Disamba 2023: tambaya a wurin shan shayi

Ranar 18 ga Disamba 2023 ofishin Batikan mai kula da koyarwar bangaskiya, ƙarƙashin Kadinal Víctor Manuel Fernández, ya fitar da sanarwar Fiducia supplicans da amincewar Paparoma. Sakin layi 45 ce. Ta buɗe ƙofar a sa wa mutum biyu albarka ko da zamansu bai cika sharuɗɗan auren Ikkilisiya ba, har da 'yan jinsi ɗaya, muddin ba cikin tsarin sujada ba ne kuma bai yi kama da ɗaurin aure ba. Kanun labaran da suka iso wayoyi ba su ɗauko wannan sharaɗi ba.

Washegari, lokacin hutun shayi, wani abokin aikinsa Bakano ya ce, "Baba, ashe Paparomanku ya halatta auren jinsi?" Ba da mugunta ya yi ba. Shekara shida suna cin abinci a kwano ɗaya, Baba yana amsa masa tambayoyi kan Triniti da Maryamu ba tare da in-ina ba. Wannan karon sai ya yi shiru. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, a Maris 2021 shi da kansa ya nuna wa wannan aboki amsar da ofishin nan ya bayar, cewa Ikkilisiya ba ta da ikon sa wa irin wannan zama albarka.

Daren nan ya shiga YouTube. Masu magana na farko da ya saurara, yawancinsu daga Amurka, cewa suke takardar tana rikita mutane. Waɗanda manhajar ta kawo masa bayan su suka ce Paparoma ya kauce wa aƙida. Kafin mako biyu ya kai ga masu cewa Faransis ba Paparoma ba ne sam. A hanya ya ci karo da tsofaffin maganganu: ƙarin bayani na 351 a ƙasan shafin Amoris laetitia, wasiƙar Paparoma ta 2016 game da iyali, kan sakramenti ga waɗanda suka sake aure, da tambayoyi biyar da kadinal huɗu suka aika aka ƙi amsa musu kai tsaye, sauya sakin layi na 2267 na Katikizim, littafin koyarwar Ikkilisiya, kan hukuncin kisa a 2018, da takardar Abu Dabi ta 4 ga Fabrairu 2019, wadda Paparoma ya sa wa hannu tare da Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib, inda aka ce bambancin addinai yana cikin nufin Allah. Duk sun faru da gaske, tsakanin 2016 da 2019. Shi kuwa a mako biyu suka zubo masa, kowanne tare da sharhin wanda ya riga ya yanke hukunci. Kullum yana tura bidiyo biyar zuwa goma a zauren.

## Janairu 2024: takardun bishop-bishop

Magani na farko wata nas 'yar Jos ta kawo, wadda ba ta kai talatin ba. Ta tattara takardu uku. Bishop-bishop ɗin Najeriya sun ce tun 20 ga Disamba babu halin sa wa zaman jinsi ɗaya albarka. Ranar 4 ga Janairu Batikan ta yi ƙarin bayani cewa addu'a ce ta daƙiƙa 10 ko 15, ba yarda da zaman ba. Ranar 11 ga Janairu Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, a madadin bishop-bishop ɗin Afirka da Madagaska, ya ce ba za a yi wannan albarka a majami'un Afirka ba, kuma takardarsa ta fito da yardar Paparoma da Kadinal Fernández. Ta fassara gundarinsu da Hausa ta tura da murya.

Hankali ya kwanta mako biyu, sannan tambayoyi suka taso. Wani ya ce, in Roma ta ce a yi, Afirka ta ce ba za ta yi ba, ina ɗayantakar da ake taƙama da ita? Wani ya lura cewa su ba a Afirka suke zaune ba, bishop ɗinsu yana Awali, ba ya cikin waɗanda suka sa hannu.

Babbar matsalar kuwa tana cikin kalmar albarka kanta. Takardar Roma ta ginu ne a kan bambanci tsakanin albarkar da ke tabbatar da abu da wadda roƙon taimakon Allah ce kawai ga mai rauni. A kunnen mai jin Hausa wannan bambanci ba ya shiga da sauƙi. Idan uba ya sa wa aure albarka, ya yarda ke nan. Idan bai yarda ba, hana albarka yake yi, kuma kowa ya san nauyin hakan. Kishiyar albarka tsinuwa ce, babu wata tsaka-tsaki. A kasuwa kaɗai ake cewa "albarka" ana nufin ba a sallama ba, kuma babu wanda zai ɗauko wannan ma'ana ya kai gaban bagade. To duk bayanin da aka yi cewa albarka ba yarda ba ce, 'yan zumuntar sun ji shi kamar an ce ruwa ba ya jiƙa.

## Fabrairu zuwa Yuni 2024: hana magana, sannan muhawara

Ranar Larabar Toka, farkon azumin Kirista, 14 ga Fabrairu, dattawan zumuntar suka hana maganar Paparoma a zauren har Ista ta wuce. Cikin kwana goma aka buɗe wani zaure na mutum tara, Baba yana ciki. Bidiyon ba su ragu ba, sai dai yanzu babu mai musa su.

Bayan Ista, wadda ta faɗo 31 ga Maris, aka gwada muhawara: Juma'a uku, kowane ɓangare minti 30. Ɓangare ɗaya ya tsaya a kan cewa Paparoma ba ya kuskure, saboda haka duk abin da ya faɗa daidai ne. Ɗaya ɓangaren ya ce Paparoma ba ya kuskure, wannan kuwa ya yi, saboda haka ba Paparoma ba ne. A cikin masu maganar babu wanda ya karanta takardar daga farko zuwa ƙarshe. Juma'a ta uku aka watse ba a yi rozari ba. Masu zuwa taro suka koma 10.

## Yuli zuwa Disamba 2024: an cire sunan

Ranar 5 ga Yuli Batikan ta sanar da fitar da Akbishop Carlo Maria Viganò daga tarayyar Ikkilisiya saboda ƙin amincewa da Paparoma. A ƙaramin zauren aka ɗauke shi wanda aka zalunta don ya faɗi gaskiya.

Ranar 13 ga Satumba, a wani taron matasa na addinai daban-daban a Singafo, Paparoma ya yi magana da ka, ya ce dukan addinai hanyoyi ne zuwa ga Allah, ya kwatanta su da harsuna daban-daban. Wannan ta fi ta Disamba taɓa mutanen ɗakin, don su kullum suna biyan kuɗin zama Kirista. Ɗaya daga cikin direbobin, wanda sau da yawa aka yi masa tayin musulunta cikin mutunci ya ƙi, ya ce, "Baba, in duk hanya ɗaya ce, don me na shekara huɗu ina ɓoye rozari a aljihu?" Baba ya karanta masa Yahaya 14:6, "Ni ne hanya, ni ne gaskiya, ni ne kuma rai." Juma'a mai zuwa, 20 ga Satumba, da aka zo addu'o'in roƙo ya ambaci bishop, ya tsallake Paparoma. Ba wanda ya ce uffan. Ya kuma canja hoton fuskar wayarsa.

Zuwa Nuwamba mutum shida ke zuwa. Uku sun koma addu'ar dare ta wata majami'ar Fentikos a intanet. Biyu suna bin wata tasha da ke cewa kujerar Bitrus, wato ta Paparoma, babu kowa a kanta, kuma kada a halarci Mas ɗin da ake ambaton Faransis. Sauran sun daina zuwa kawai. Baba ya ce ba zai haye gada don Kirsimeti ba, tun da a kowane Mas ana ambaton sunan Paparoma a addu'ar Yukarist.

## Janairu 2025: minti arba'in a Baharain

Akwai wata babbar nas daga wajen Yola, wadda ta taɓa shugabantar Zumuntar Mata Katolika a majami'arsu, kowa yana ce mata Mama. Ba ta taɓa sa baki a muhawarar ba. Bayan sabuwar shekara ta same shi ta ce, "Baba, ni ba zan yi jayayya da kai ba. Amma ka shekara ba ka furta zunubi ba, kuma kai ke gaba muna bin ka." Doka ta 989 ta wajabta furta manyan zunubai aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ya sani. Ta biya masa riyal 200 na biza. Kunya ta hana shi ƙi.

Bayan furta zunubi, Fadan da ya samu ya zauna da shi minti 40. Bai kare maganar Singafo ba. Cewa ya yi Baba ya faɗi Shaidar Bangaskiya, ya tsaya a layin da aka canja. Baba ya kai ƙarshe bai tsaya ba. Sai Fada ya raba masa abu biyu da ya haɗa. Damuwa da maganar Paparoma, har da ganin ta rasa hikima, ba fita daga Ikkilisiya ba ce, kuma doka ta 212 ta ba mabiyi 'yancin kai ra'ayinsa ga makiyaya. Ƙin miƙa wuya ga Paparoma kuwa doka ta 751 ta kira shi ɓallewa. Kadinal Ambongo bai aiwatar da takardar Roma ba, amma kullum yana ambaton Faransis a Mas. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, kamar yadda Galatiyawa 2 ta nuna, bai ce ya daina zama Bitrus ba.

Ya ba shi aiki uku: ya daina tura abin da bai karanta asalinsa ba, ya rubuta damuwarsa a shafi ɗaya ya kawo, ya kuma mayar da minti 20 na kowace Juma'a karatun Katikizim.

## Fabrairu zuwa Afrilu 2025: mako goma sha biyu

Aka kafa wa zauren ƙa'ida. Duk wanda zai turo wani abu game da Paparoma sai ya amsa tambaya uku: wa ya faɗa, a wace irin takarda ko wane irin taro, ina cikakken rubutun? Wanda ya kasa, a goge saƙon, shi a bar shi. Da Baba ya ba abokinsa Bakano labari, sai ya yi dariya ya ce ai su tuntuni ba sa karɓar hadisi sai an duba isnadi. Daga nan 'yan zumuntar ma suka riƙa ce wa ƙa'idar isnadi.

Mako huɗu na farko aka bi Shaidar Bangaskiya layi-layi, da taimakon Taƙaitaccen Katikizim na 2005 mai tambaya da amsa 598. Mako na biyar da na shida aka yi ikon Paparoma, daga sakin layi na 880 zuwa 892 na Katikizim, kuma nan ne aka fi daɗewa. Yawancinsu sun taso da cewa Paparoma ba ya kuskure, wasu ma har suna cewa ma'asumi ne, kalmar da maƙwabtansu ke ba annabawa. Abin da Majalisar Batikan ta Farko ta ayyana a 1870 ya fi haka ƙunci ƙwarai: sai ya yi magana a matsayin makiyayin dukan Kirista, a kan bangaskiya ko ɗabi'a, yana yanke cewa dukan Ikkilisiya ta riƙe abin. Misalan da kowa ya yarda da su biyu ne, na 1854 kan ɗaukar cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba, da na 1950 kan ɗauke ta zuwa sama. Doka ta 749 ta ƙara da cewa ba a ɗaukar wata koyarwa a wannan matsayi sai ya bayyana a fili.

Suka zana hawa uku a bayan kwali. Na sama, aƙidar da aka ayyana, wadda ake gaskatawa. Na tsakiya, koyarwar yau da kullum ta wasiƙu da sanarwa, wadda doka ta 752 ta nemi a karɓa da biyayyar hankali da zuciya, ko da ba a ce ba ta iya gyaruwa ba. Na ƙasa, hira da jawabin baka da amsa 'yan jarida a jirgi, waɗanda ake saurara da ladabi amma ba sa canja Katikizim. Littafin doka ya fi haka rarrabewa, amma wannan ya ishe su aiki. Fiducia supplicans ta sauka a hawan tsakiya. Maganar Singafo ta sauka a na ƙasa.

Mako na bakwai zuwa tara aka karanta sakin layi na 4, 5, 11, 31, 38 da 39 na Fiducia supplicans, gefe da gefe da 1601 da 2357 zuwa 2359 na Katikizim. Nas 'yar Jos ke fassara kowanne daren Alhamis, a karanta sau biyu. A nan aka yi tuntuɓe ɗaya. Makon farko ta dogara da fassarar waya, wadda ta kira mutum biyun "ma'aurata", alhali a Hausa ma'aurata waɗanda aka ɗaura wa aure ne. Sai takardar ta zama kamar ta yarda da abin da sakin layi na 4 ya musanta, cewa irin wannan zama aure ne. Aka gyara zuwa "mutum biyu da ke zaune tare". Aka kuma yarda a riƙa cewa "sa albarka" ga ta sujada, "yi wa addu'a" ga ta daƙiƙa goma sha biyar ɗin.

Mako uku na ƙarshe na sauran addinai ne. Aka karanta Nostra aetate 3 da Lumen gentium 16, takardun Majalisar Batikan ta Biyu, inda Ikkilisiya ta ce tana girmama Musulmi masu bauta wa Allah ɗaya, sannan sakin layi na 21 da 22 na Dominus Iesus, takardar Batikan ta shekarar 2000, wadda ta ce ya saɓa wa bangaskiya a ɗauki Ikkilisiya hanyar ceto ɗaya cikin hanyoyi masu daidai da juna. Suka kuma gano cewa ranar 3 ga Afrilu 2019 Faransis da kansa ya ce bambancin addinai abu ne da Allah ya ƙyale ya faru. Babu bidiyon da ya taɓa kawo musu wannan.

Ana cikin haka aka kwantar da Paparoma a asibitin Gemelli da ke Roma ranar 14 ga Fabrairu. Juma'ar da ta biyo baya, da aka zo roƙon marasa lafiya, Mama ta ambace shi da suna, kowa ya amsa har da Baba. Ranar 7 ga Maris, Juma'ar farko ta azumi, Baba ya mayar da sunan wurinsa a roƙon farko.

## Inda aka tsaya

Faransis ya rasu 21 ga Afrilu 2025, aka zaɓi Leo na 14 ranar 8 ga Mayu. Zuwa Yuni mutum 10 ke zuwa taro. Ɗaya daga cikin biyun da ke bin tashar can ya dawo. Ukun da suka koma Fentikos ba su dawo ba, ana dai gaisawa. Baba bai canja ra'ayi kan takardar Disamba ba: yana ganin idan mutum biyu suka tsaya tare gaban firist, mai kallo yarda zai gani, ko me aka rubuta. Abin da ya rubuta ke nan a shafinsa ɗaya ya kai wa Fada. Abokinsa Bakano kuwa ya samu amsarsa bayan shekara guda da 'yan watanni: auren Katolika na namiji da mace ne, takardar da kanta ta faɗi haka, sauran kuma ana jayayya a kai a cikin gida.

## Me ya ci, me ya faɗi

Takardun bishop-bishop sun faɗi don an ba mutane hukunci a kan hukunci, ba a ba su ma'aunin da za su auna da shi ba. Hana magana ta kori masu tambaya zuwa inda babu mai musa musu. Muhawarar ta fi duka ɓarna, domin ɓangarorin biyu a kan kuskure ɗaya suke tsaye, cewa duk abin da ya fito daga bakin Paparoma nauyinsa ɗaya. Wanda ya riƙe haka, ranar da ya ji maganar da ba zai iya haɗiye ta ba, ko ya ƙaryata kunnensa ko ya ƙaryata Paparoman.

Damuwar Baba ba ta banza ba ce. Maganar Singafo, yadda aka faɗe ta, tana da wuyar daidaitawa da Dominus Iesus sai an yi mata dogon bayani, kuma direban da ya yi tambayar ya cancanci abin da ya fi haka. Sakin layi na 31 na Fiducia supplicans, wanda ya buɗe ƙofar albarkar, har yanzu yana da wuya a Hausa. Abin da Fada ya yi daidai shi ne bai nemi Baba ya musanta wannan ba. Ya rage masa girman abin zuwa asalin girmansa, ya nuna masa ƙofar ƙorafi da ke cikin gidan. Mama kuma ta gane da wuri cewa mutumin da ya shekara bai ga firist ba, waya ce kaɗai mai yi masa wa'azi.

Wannan ɓangaren ne bai gyaru ba. Fassarar da zumuntar ke da ita ta waɗannan takardu shafi 40 ce ta rubutun hannu a littafin 'yar Jos, kuma kwangilarta za ta ƙare. Direbobin biyu har yanzu kafilansu ba su ba su bizar fita ba. Baba ya koya musu addu'ar cikakkiyar nadama da ke sakin layi na 1452 na Katikizim, wadda ke tafe da niyyar furta zunubi da zarar an samu firist.